Lambar kaya ɗaya, layi biyu: yadda aka ɗaga rumbun bayanan wani dila a Kasuwar Singa daga PostgreSQL 10 zuwa 16

Kamfanin na wani babban dila ne na kayan masarufi a Kasuwar Singa: sukari, taliya, man girki, madara, sabulu. Yana da shago a cikin kasuwa da sito a bayanta. A kan kanta akwai kwamfutocin Windows da yara ke buga rasit, dukkansu kuma suna magana da saba guda ɗaya, wato babbar kwamfutar da ke riƙe bayanan, da ke ajiye a wani ɗan ɗaki bayan ofishin akawu. An kafa sabar a kan Ubuntu 18.04, wani tsarin Linux mai tafiyar da kwamfuta, wanda ya fito a Afrilun 2018 ɗauke da manhajar rumbun bayanai PostgreSQL 10, kuma a cikin wannan rumbun bayanan ne duk lissafin gidan yake: abin da ya shigo sito, abin da ya fita, wanda ya biya, wanda ake bi bashi.

Ƙorafin da ya sa aka kira ni daga waje in taimaka bai yi kama da na ɗaga siga, wato komawa sabon fitowar manhaja, ba ko kaɗan. Yaron kanta zai buga lambar wani kaya, manhaja ta ce babu shi. Ya buɗe jerin kaya gaba ɗaya, sai ga kayan nan zaune. Mai saye na tsaye, mai kura na jira a bakin ƙofa, ba lokacin bincike, don haka sai yaron ya sake shigar da kayan a matsayin sabo, da lamba iri ɗaya, manhaja kuma ta karɓa ba musu. Wannan karɓar ita ce abin tsoro, domin an gina jadawalin kayan da sharaɗin cewa lamba ba za ta maimaitu ba. Da aka zo haɗa lissafin wata, sai akawu ya ga katan-katan na taliya da ido ke gani a sito amma takarda ta ce sun ƙare, ga kuma wasu da takarda ta ce suna nan alhali an daɗe da sayar da su. Zato ya fara karkata kan ma'aikatan sito. A kasuwa kuwa, zargin hannu ba ƙaramin abu ba ne. Yana raba mutum da abincinsa da mutuncinsa lokaci guda.

Akwai wani matashi da ke kula da kwamfutocin gidan, mai ƙwazo da son koyo. Na tambaye shi ko an taɓa wani abu a sabar a watannin baya. Ya ce, “Oga, abu ɗaya kawai na yi. Na ga an ce tallafin Ubuntu 18.04 ya ƙare, sai na ɗaga ta zuwa 20.04. Komai ya tashi lafiya, ko minti goma ba a tsaya da ciniki ba washegari.” Dalilinsa daidai ne. Tallafin yau da kullum na 18.04 ya ƙare a ƙarshen Mayun 2023, shi kuwa PostgreSQL 10 tun Nuwamban 2022 masu shi suka daina fitar masa da gyara, domin kowace babbar siga shekara biyar suke riƙe ta. Barin saba a haka sakaci ne, kuma yaron ya ƙi yin sakacin. Abin da ba wanda ya taɓa faɗa masa shi ne ɗaga Ubuntu ba ya ɗaga rumbun bayanai.

Umarni ɗaya ya nuna halin da ake ciki. Da muka buga pg_lsclusters, layi biyu suka fito: siga 10 tana aiki a ƙofa 5432, wato lambar da kwamfutoci ke bi su same ta, siga 12 tana aiki a ƙofa 5433. Haka Ubuntu da Debian suke yi. Idan sabon tsarin ya zo da sabon PostgreSQL, sai ya girka shi a gefe, ya buɗe masa rumbu fanko a ƙofa ta gaba, ya bar tsohon da bayanansa yadda ya same su. Hikimar a fili take: ƙaramar siga, kamar daga 10.22 zuwa 10.23, ba ta taɓa yadda ake shimfiɗa bayanai a faifai, amma babbar siga tana iya sauya shi, don haka PostgreSQL 12 ba zai iya buɗe fayilolin da ke /var/lib/postgresql/10/main ya ci gaba da aiki ba. Sai mutum ya kwashe su da gangan. To a gidan nan ba a kwashe ba. Wata da watanni kwamfutocin kanta suna rubutu a cikin tsohon PostgreSQL 10, sabon na zaune babu ko layi ɗaya a cikinsa.

Da a ce iya nan matsalar ta tsaya, da aikin yini guda ne. Amma tsohon rumbun ya ci gaba da aiki a kan sabuwar ƙasa, kuma a nan ɓarnar ta faru.

PostgreSQL ba shi ke yanke wa kansa hukuncin wace kalma ke gaban wata a jeri ba. A yadda aka saba girka shi, yana tambayar wani ɗakin karatu na tsarin Linux, wato tarin umarnin da manhajoji ke ara, mai suna glibc. A Agustan 2018 aka fitar da glibc 2.28, wanda ya zo da gagarumin sauyi a ƙa'idar jera haruffa da alamomi. Ubuntu 18.04 ya riga shi fitowa da ƴan watanni, yana ɗauke da 2.27, Ubuntu 20.04 kuma yana ɗauke da 2.31. Wato tsallen da matashin ya yi ya ratsa daidai kan wannan iyaka. Akwai gwaji mai sauƙi da na nuna masa a gabansa: ka ba umarnin sort layi biyu, “11” da “1-1”, a ƙarƙashin saitin harshe na en_US.UTF-8. Tsohon tsari zai sa 11 a sama. Sabon zai sa 1-1 a sama. Ƙaramin karan tsakiya ne kawai ya sauya matsayi. Lambobin kayan gidan nan kuwa kusan duka da karan nan ake rubuta su, lambar kamfani, kara, sannan girman katan.

Ga yadda na bayyana wa akawu, wanda ya yi shekaru da littafin bashi kafin kwamfuta ta zo. Fihirisar rumbun bayanai kamar littafin bashi ne da aka jera sunaye bi da bi, don kada a riƙa karanta shi daga bango zuwa bango. Wani magatakarda ya jera shi da tasa ƙa'ida ya tafi. Sabon ya zo da wata ƙa'idar, ba a sake jera littafin ba. Idan ya nemi suna, zai buɗe shafin da yake ganin nan ya kamata ya kasance, bai gan shi ba, sai ya ce babu, ya buɗe wa mutumin sabon shafi. Akawu ya yi shiru, sannan ya ce, “Ashe yaran nan ba su ci komai ba.” Na ce masa aƙalla wannan giɓin ba hannun mutum ne ya yi shi ba, kuma za mu tabbatar da lamba.

Tabbatarwar ta bi matakai biyu, kuma kafin mu taɓa komai mun tsayar da rumbun da daddare bayan an rufe kasuwa, muka kwafi babban fayil ɗin bayanan ɗungurungum zuwa wani faifai na waje. Mataki na farko, PostgreSQL 10 yana da wani ƙari mai suna amcheck. Muka kunna shi muka sa bt_index_check ya bi fihirisar lambobin kaya, nan take ya tsaya da saƙon “item order invariant violated”, ma'ana jerin da ke cikin fihirisar ya saɓa wa ƙa'idar da tsarin ke bi yanzu. Fihirisar da aka gina a kan lambobi zalla, irin lambar rasit da kwanan wata, duk lafiyarsu ƙalau, domin ba ruwansu da jera haruffa. Mataki na biyu shi ne ƙirga maimaici. A nan akwai tarko: idan ka tambayi rumbun ko akwai lambar da ta zo sau biyu, yana iya bin fihirisar nan da ta lalace ya ba ka amsar da ba ta cika ba. Sai an kashe enable_indexscan da enable_bitmapscan da enable_indexonlyscan a zaman, a tilasta masa karanta jadawalin layi-layi. Da muka yi haka, jerin kayan da suka rabu biyu ya fito, har da wasu ƴan kwastomomi da aka buɗe wa asusu biyu saboda lambarsu ma da kara take.

Sai maganar ina za a dosa. Hanya mafi kusa ita ce wadda Ubuntu ya tanada: a share rumbun 12 fanko da pg_dropcluster --stop 12 main, sannan a buga pg_upgradecluster 10 main, ya kwashe bayanan zuwa sabuwar siga, ya ba ta ƙofa 5432, ya mayar da tsohuwar gefe. Hanya ce mai kyau, kuma da an bi ta a daren da aka ɗaga Ubuntu, kafin a buɗe kanta, da duk wannan bai faru ba, domin a yadda take aiki in ba a ce mata komai ba, tana fitar da bayanan ne ta sake zuba su, fihirisa kuma a gina ta sabuwa fil da sabuwar ƙa'ida. (Wanda ya zaɓi -m upgrade don sauri, ya sani pg_upgrade yana ɗauko fihirisa yadda take ne, da lalacewarta, dole ya bi ta da REINDEX, umarnin sake gina fihirisa.) Amma a lokacin da muke wannan aiki PostgreSQL 12 kansa yana dab da ƙarshen tallafinsa na Nuwamban 2024, Ubuntu 20.04 kuma nasa zai ƙare a 2025. A wahala a koma sigar da ke bakin ƙofar fita, ban ga amfaninsa ba. A ɗaga sabar a inda take zuwa 24.04 kuma yana nufin tsalle biyu, 22.04 sannan 24.04, domin Ubuntu ba ya yarda a ƙetare, a kan inji ɗaya tilo da gidan ya dogara da shi, a garin da wuta ke iya ɗaukewa a tsakiyar girke. Ga kuma umarnin pg_dropcluster, wanda bambancin 12 da 10 a cikinsa shi ne bambancin share fanko da share dukiyar mutum.

Shawarar da na kai wa Alhaji, mai kamfanin, ita ce a samo inji na biyu, a girka masa Ubuntu 24.04 da PostgreSQL 16 daga tushe, a kwaso bayanan ta hanyar sadarwar cikin gida, tsohuwar sabar kuma kada a ɗaga ta. Ya tambaya, “To Malam, ita wannan ta lalace ne da za a sayi wata?” Na ce, “Ranka ya daɗe, lafiyarta lau. Amfanin ta biyun shi ne idan aikin ya ƙi da asuba, mu mayar da waya ɗaya a buɗe shago kamar ba a yi komai ba.” Wannan ya gamsar da shi fiye da duk bayanin siga. Fitar da bayanai da pg_dump ba ya buƙatar a bi siga ɗaya bayan ɗaya. Daga 10 ana iya zuwa 16 kai tsaye, kuma abin da masu PostgreSQL ke ba da shawara shi ne a yi amfani da pg_dump na sabuwar sigar, wanda ke iya karanta tsofaffin sabobi har zuwa 9.2.

Gwajin farko a sabon injin ya faɗi, kuma mun so ya faɗi a nan ɗin. Da pg_restore, umarnin da ke zuba bayanan a sabon rumbu, ya zo gina fihirisar lambobin kaya sai ya ce “could not create unique index”, ya ambaci lambar da ta maimaitu. Abin lura, pg_restore in ba a hana shi ba, wucewa yake yi idan ya ci karo da kuskure, sai a ƙarshe ya rubuta layi ɗaya cewa ya yi watsi da kurakurai kaza. Mai gaggawa zai ga jadawalai sun cika, manhaja ta buɗe, ya ce an gama, alhali ya samu rumbun da ba shi da katangar hana maimaici kwata-kwata. Shi ya sa muka sa --exit-on-error a kowane gwaji. Wannan ya kuma fallasa wani abu: gidan na da kwafin ajiya da ake yi kowane dare, abin yabo, amma a kan faifan sabar ake ajiye shi, ba a taɓa gwada mayar da shi ba, kuma duk wanda aka yi tun bayan ɗaga Ubuntu yana ɗauke da maimaicin nan.

Aikin da ya fi cin lokaci ba a gaban allon kwamfuta aka yi shi ba. Kowane kaya da ya rabu biyu yana da layi na asali mai tsohon tarihi da layi sabo mai cinikin watannin baya, wani lokaci da farashi daban, domin yaron da ya sake shigar da shi farashin ranar ya sa. Kwamfuta ba ta san wanne ne gaskiya ba. Muka buga jerin a takarda, akawu da mai kula da sito suka shiga da biro suna ƙirga katan da hannu, jeri bayan jeri, cikin zafin sito da ƙurar buhuna. Inda jimillar layi biyun ta yi daidai da abin da ke ƙasa, sai mu haɗe su: a mayar da duk rasit ɗin sabon layi kan na asali, a goge sabon. Sa'ar da aka yi, rasit na riƙe kaya ne da lambar cikin gida ta rumbun, wadda ba ta lalace ba, don haka babu cinikin da ya ɓace. Inda lissafi bai haɗu ba, ko aka samu kwastoma mai asusu biyu da bashi a kowanne, ban yarda mu masu kwamfuta mu yanke ba. Alhaji aka kai wa, ya duba, wani ya kira shi a waya, sannan ya ce a haɗe ko a dakata. Ina ganin wannan iyakar tana da muhimmanci. Bashin mutum ba abin da mai gyaran saba zai daidaita da tsakar dare ba ne don kawai umarni ya wuce.

Duk gyaran da aka amince da shi mun rubuta shi a fayil ɗaya na SQL, harshen ba rumbun bayanai umarni, domin a iya maimaita shi daidai. Muka yi ta gwadawa a kan kwafi har zubawar ta wuce daga farko zuwa ƙarshe ba kuskure. A wannan zagayen ne na sauya ginshiƙin lambar kaya zuwa COLLATE "C", wanda ke jera rubutu da ƙimar baiti zalla, ba ya tambayar glibc, don haka wani sauyi nan gaba ba zai sake taɓa shi ba. Sunayen mutane ban yi musu haka ba, domin a ƙarƙashin "C" duk sunan da ya fara da ɓ ko ɗ ko ƙ zai koma can ƙasan z, babban baƙi kuma ya rabu da ƙarami, abin da zai rikita mai neman suna a kanta.

Gwajin ya tono matsala ta biyu, ta kalmar sirri. Tun daga PostgreSQL 14, hanyar da ake ajiye kalmar sirri ta asali ta koma scram-sha-256 daga md5. Asusun da muka kwaso da pg_dumpall --globals-only sun zo da tsohon md5, sabon pg_hba.conf, fayil ɗin da ke tsara wanda zai shiga rumbun, kuma scram yake nema, sai kowa ya kasa shiga. Muka sake saita kalmomin, sai kuma tsohon direban ODBC da ke kan kwamfutocin kanta, wato ƴar manhajar da ke haɗa su da rumbun, ya ce bai san wannan hanyar tantancewa ba, domin SCRAM sai a siga 10 ya shigo ɗakin karatun da direban ke amfani da shi, nasu kuwa ya girme ta. Sabunta direban ya warware wa dukkansu, ban da wata tsohuwar kwamfuta ɗaya da ta ƙi karɓar sabon. Ita muka ware mata asusu nata, muka ajiye kalmarta da md5, muka rubuta mata layi a pg_hba.conf da ya taƙaita ga adireshinta kaɗai. Ban so hakan ba, kuma na rubuta a takardar miƙa aiki cewa na wucin gadi ne. Sauran ƙananan abubuwa, irin listen_addresses da ke zuwa a kulle kan injin kansa da shared_buffers da ke farawa a 128MB, an daidaita su tun a gwaji.

Daren sauyawa bai zo da labari ba. Bayan sallar isha'i aka tabbatar kowa ya fita daga manhaja, aka cika janareta da mai, aka duba batirin inbata. Muka toshe shiga tsohuwar sabar daga kanta, muka gudanar da fayil ɗin gyara, muka fitar, muka zuba. Sannan ƙirga: yawan layukan kowane jadawali a tsohuwa da sabuwa, jimillar bashin da ake bin kwastomomi, jimillar cinikin watan da ya gabata, akawu na riƙe da nasa adadin a takarda yana cewa daidai ne. Muka bi da vacuumdb --all --analyze-in-stages, domin zubawa ba ta ɗauko ƙididdigar da rumbun ke amfani da ita wajen zaɓar hanyar bincike, kuma rahoton da ke fita cikin daƙiƙa zai iya komawa na mintoci idan aka manta. Daga ƙarshe aka ba sabon injin adireshin tsohon, don kada a taɓa saitin kwamfutocin kanta, aka kashe tsohon aka zare wayarsa. Matashin ne ya buga kowane umarni da hannunsa, ina gefe. Shi zai zauna da sabar, ya kamata ya san ta ciki da bai.

Da safe Alhaji ya tara ma'aikatan sito ya gaya musu a gaban kowa cewa giɓin daga na'ura ne. Na ji daɗin wannan fiye da yadda sabar ta tashi.

Abin da aka bari a rubuce kaɗan ne. Kwafin ajiya yanzu yana zuwa faifai na waje da kuma wani wuri a wajen kasuwa, kuma duk wata za a mayar da ɗaya a tsohon injin, wanda aka goge bayan an rufe lissafin wata lafiya aka mai da shi na gwaji. Daga siga 15 PostgreSQL yana riƙe lambar ƙa'idar jeri da aka gina rumbu da ita, yana kuma gargaɗi da “collation version mismatch” idan tsarin ƙasa ya sauya. An rubuta cewa duk ranar da aka ga wannan saƙo, a yi REINDEX kafin a buɗe kanta, kada a share gargaɗin kawai. Tsohuwar kwamfutar md5 za a musanya ta. Tallafin PostgreSQL 16 zai ƙare a Nuwamban 2028, na Ubuntu 24.04 kuma a 2029, don haka an sa gwajin ɗagawa na gaba a farkon 2028, kuma tsarin da rumbun za a ɗaga su a dare ɗaya.